Yadda Ake Gane Masu Zama a Jikin Mataccen Kara

Idan aka girbe dawa aka bar kara a gona, manomi ya gama da shi, amma funfuna ba ta gama ba. Ɗauki kara ɗaya da ya sha damina ka duba: ɗigo-ɗigo baƙaƙe ne a jikinsa, kowanne bai kai kan allura ba. Yawancin mutane sukan ce datti ne. Wannan rashin adalci ne, domin kowane ɗigo halitta ce mai suna da dangi, kuma ido kaɗai ba ya iya bambanta su.

Aikin yana farawa da sanin karan. A rubuta ko na dawa ne, ko na gero, ko na masara, da wuri da rana, domin da yawa cikin waɗannan halittu suna da zaɓe, ba kowace shuka suke hawa ba. Shi ya sa Martin Ellis da Pamela Ellis na Ingila suka tsara littafinsu na 1985 kan waɗannan halittu bisa sunayen tsirrai. A sa karan a ambulan takarda, kada a sa a leda, don gumi zai gayyato wata funfunar da ba ita aka zo nema ba. Sannan a sanar da mutanen gida cewa wannan kara na bincike ne. Wanda bai yi haka ba zai tarar da shi ƙarƙashin tukunyar tuwo. Akuya kuwa ba ta karɓar sanarwa, sai dai a rataye shi sama.

Daga nan sai reza. A ɗan jiƙa wurin, a ɗebo ɗigo ɗaya, a ɗora a gilashi cikin ɗigon ruwa, a rufe da siririn gilashi, a danna a hankali har ya fashe. A madubin likita mai ninka girma sau 400 ne ƙwayoyin irin za su bayyana, kuma su ne shaidun da ake saurara.

Idan ƙwayar fara ce, lanƙwasasshiya kamar lauje, babu katanga a cikinta, kuma ga baƙaƙen gashi tsaye a gidan da ta fito, to ana kusa da Colletotrichum, dangin da ke jawo jan tabo a ganyen dawa. Idan mai ruwan ƙasa ce, da katanga uku, ta karkace saboda ɗaki ɗaya ya fi sauran ƙiba, Curvularia ce ake zargi. Alternaria kuma katangunta a tsaye da a kwance suke. Wasu sukan jera ƙwayoyinsu takwas-takwas cikin 'yar jaka, kuma a nan ake ɗiga ruwan aidin da Václav Melzer ya haɗa a 1924, a ga ko bakin jakar zai koma shuɗi.

Awo shi ne inda masu gaggawa suke faɗuwa. Ana aunawa da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kada a auna ƙwaya ɗaya a yanke hukunci, domin ko a cikinsu akwai dogo da gajere, akwai kuma wadda ba ta nuna ba. A auna kamar 20, a rubuta tsawo da faɗi, a zana abin da aka gani. Idan shaida ba ta kai ba, a tsaya a sunan dangi. Ya fi a laƙaba wa halitta sunan da ba nata ba.

Wannan wahala tana da dalili. Funfunar jan tabon dawa tana iya shafe rani a ragowar kara, ta jira shuka ta gaba. Don haka, manomi, kafin ka bar kara a gona, kai guda ɗaya wurin malamin gona a duba maka.