Ire-iren Masu Sayen Kayan Sauti Na Hannu a Ƙasar Tsiga

A yankin noma na kudancin Katsina, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, har da Tsiga ta ƙaramar hukumar Bakori, cinikin kayan sauti na hannu yana tafiya ne da kaka, domin sai an kai masara da waken soya da auduga kasuwa sannan magidanci ke lura cewa muryar talabijin ɗinsa ba ta dace da matsayinsa ba. Kayan da ake kira Beljiyam, waɗanda aka gama mora a Turai da Amurka, suna sauka a Legas, su ratsa kasuwar Alaba, su iso Sabon Gari ta Kano ko shagunan Funtuwa. Sarauniyarsu ita ce na'urar rarraba sauti, wadda masu sana'ar ke kira firosesa, kuma aikinta shi ne ta karɓi sauti daga faifai ko dikoda ta raba shi gida shida: hagu, dama, tsakiya inda maganar 'yan wasa ke fitowa, biyu na bayan mai sauraro, sai kuma wufa mai fitar da rugugi. Wannan tsari ne ake rubutawa 5.1, wanda Dolby Digital ya kai gidajen sinima a 1992, DTS ya biyo shi a 1993.

Wanda aka fi yawan gani a bakin shago shi ne mai awo da hannu, wanda ba ya tambayar suna ko shekarar ƙira, sai dai ya ɗaga na'urar ya jinjina, in ta rinjaye shi ya ce, "Alhaji, wannan ta gaske ce." Yana da 'yar hujja, domin taransifoma mai kyau tana da nauyi, sai dai wadda ta ƙone ma nauyinta bai ragu ba. Ɗan'uwansa a aƙida shi ne mai bin lamba, wanda in ya ga an rubuta wat 5000 a jikin kwali sai hankalinsa ya kwanta, bai san cewa lambar PMPO ta ƙarfin ƙiftawar ido ce da 'yan talla suka ƙirƙira ba, alhali lambar RMS, wadda takan zo ƙarama a bayan akwati, ita ce ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa tana aiki.

Mafi ban tausayi, kuma mafi dacewa da nazari, shi ne wanda ya sayi firosesa zalla. Wannan bawan Allah yakan ji an yabi Marantz ko Denon, ya tarar da ɗaya cikin araha mai ban mamaki, ya biya ba ciniki don kada mai shago ya farga, ya ɗaure ta a bayan babur har gida, ya tara maƙwabta. Fitilunta su kama, rubutu ya yi ta gudu a fuskarta, amma ko tari ba ta yi, domin firosesa tana raba sauti ne kawai, ba ta da amfilifaya, wato sashen da ke ba lasifika ƙarfin motsi. Garma ya saya ba shanu. Abin da ya dace da shi tun farko shi ne risiba, wadda ta haɗa sassan biyu a akwati guda. Daga nan yakan shiga neman amfilifaya mai hanya biyar, wadda kuɗinta kan zarce na abin da ya saya, kuma kafin kaka ta zagayo na'urar tana zaune a kan kabad da ƙyalle a kanta, ana nuna wa baƙi.

Mai kayan Amurka labarinsa gajere ne, domin an ƙera na'urarsa don wuta mai ƙarfin bolt 120, ta Nijeriya kuwa 230 ce, don haka sau ɗaya yake jona ta.

Akwai kuma masoyin Shata, wanda yankin nan ba ya rasa irinsa, tunda marigayi Mamman Shata, da ya rasu a 1999, ya yi zaman Bakori da Funtuwa. Wannan dattijo yakan kewaye ɗakinsa da lasifika shida domin kalangu ya zo masa ta ko'ina, amma waƙoƙin da yake da su kwafin tsofaffin kaset ne da aka ɗauka a kan hanya ɗaya ko biyu, saboda haka na'urar, in an sa ta a tsarin Pro Logic, takan tattara kusan komai ta tura lasifikar tsakiya, sauran su yi jugum. Shi kuwa yakan rantse cewa yana jin 'yan amshi a bayan kunnensa, kuma ba a cika samun mai ƙaryata shi ba, saboda shekarunsa. Uwar amarya ba ta da wannan damuwa, domin a wurinta lasifikoki kayan jere ne, ana jera su bisa tsawo a gefen kwanuka, ba a cire musu leda, wufa kuma a ɗora mata fulas ɗin shayi.

Ba a rufe wannan babi ba tare da ɗan rakiya ba, wanda ake kira Injiniya don ya taɓa gyara fitilar caji, wanda gwajinsa bai wuce ƙwanƙwasa murfi da ɗan yatsa da sunsunar ramukan iska ba. Shi ne kishiyar mai bin diddigi, mutumin da masu shago ke gane tafiyarsa tun daga nesa su fara salati. Mai bin diddigin yakan zo da faifansa, ya sa a tayar da janareta, ya saurari kowace hanya ita kaɗai, ya gwada ramukan HDMI ɗaya bayan ɗaya tunda su ne sukan fara mutuwa a wasu tsofaffin risibobi, ya jira na'urar ta ɗau zafi don ya ga ko za ta kashe kanta, sannan ya nemi rimot na asali, domin akwai saitin da ba a kaiwa gare shi sai da shi. In komai ya yi daidai, sai ya tambayi farashin sitabilaiza, ya yi godiya, ya ce zai dawo in ya sayar da waken soya, ya bar mai shago da lissafin man da janareta ta sha.