Ciko Ba Juye Ba Ne, Ranka Ya Daɗe

Na san ku sarai. Ku ne waɗanda in aka ce lokacin juyen baƙin mai ya yi, sai ku zaro geji, ku lakato, ku murza tsakanin babban yatsa da manuni, ku ce, "Da sauransa." Daga tashar Gwarzo zuwa Getso, daga Jama'a zuwa Garo da Kabo, kowane mai a-kori-kura yana yawo da ɗakin gwaji a yatsunsa biyu. Kamfanin Toyota tun 1968 yake ƙera Hilux, injiniyoyinsa sun yi furfura wajen auna mai, ashe da sun zo Kutama sun tambaye ku da tuni sun huta.

To, Alhaji, me yatsan ya ji? Kauri, ko? Ai nan gizo ke saƙar. Mai in ya tsufa, zafi ya dafa shi, toka da hayaƙi suka cika shi, ƙara kauri yake yi, don haka abin da kake yabo wani lokaci shi ne alamar mutuwarsa. In kuma fetur yana zurara ciki sai ya tsinke. Lambobin nan na jikin galan, 20W-50 ko 15W-40, ba ado ba ne: ta farko tana faɗin yadda man ke gudu da sanyin safiya, ta biyu ƙarfinsa in injin ya ɗau zafi. Akwai kuma sinadaran da aka zuba masa, masu kashe tsami da masu riƙe datti kada ya kwanta a jikin ƙarfe. Su ne ke fara ƙarewa, kuma yatsa ba ya jin tafiyarsu. Launi ma ba shaida ba ne. Injin gas yakan mai da sabon mai baƙi ƙirin cikin 'yan kwanaki, alhali lafiyarsa ƙalau.

Ga wani can ya ɗaga hannu: "Malam, ni kullum ina ciko." Sannu da ƙoƙari. Je ka wajen mai ƙosai, ka ce ta shekara ba ta zubar da man kaskonta ba, ta riƙa ƙara ludayi ɗaya kowace safiya, sa'an nan ka ci ka ba mu labari. Motar da ke neman ciko duk mako tana gaya maka ne tana shan mai ko tana yoyo. Sabon da ka zuba ya tarar da tsohon datti zaune daram a gindin injin, matatar kuwa ta toshe tuntuni. In ta toshe, akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa man ya wuce ba tacewa, da yashinsa da komai, ya nufi ƙarafan da ke juyawa.

Masu ɗan boko su kuma cewa suke littafin mota ya ce kilomita 10,000. Haka ne, amma ku juya shafi na gaba. Akwai jadawali na biyu na motar da ke aikin wahala: hanya mai ƙura, lodi mai nauyi, gajerun tafiye-tafiye, injin na ƙugi a tsaye. Ku rantse ba tarihin motarku aka rubuta ba. Buhunan masara da dawa sun haura kan direba, yara biyar a kansu, hanyar burji, ga hazon hunturu. Irin wannan mota kilomita 5,000 ne ƙa'idarta. Gwarzo zuwa Kano kusan kilomita 70 ne. Mai zuwa da dawowa kullum ya cinye wannan adadi cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki. Na san amsar: "Agogon motata ya mutu tun zamanin Shagari." Kalandar masallaci ma ta mutu? Rubuta ranar juye a jikin ƙofa.

Sai babbar hujja, wadda ake ajiyewa sai gardama ta yi zafi: fijo 404 ɗin Baba, wadda wai ba a taɓa kwance mata noti ba. Allah ya jiƙan Baba. Fijo mota ce, babu musu, ko da yake tun 1975 a ƙasar abokan wasanmu Zagezagi aka riƙa harhaɗa ta, a Kaduna, kuma abin mamaki ta yi ƙarko. Amma tambayi tsoffin bakanikai sau nawa aka sauke injin nan, sau nawa aka je Ƙofar Ruwa neman ringi da fistan. Tsararrakinta da aka yi wa irin wannan riƙo kuwa suna nan bayan gidaje, kaji na ƙwai a kujerar direba.

Maganar kuɗi ce kaɗai ba zan yi muku dariya a kanta ba. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, duk abin da ya shafi mota ya yi tashin gwauron zabo. Sai dai galan guda da matata ba su kama ƙafar kuɗin injin da ya buga ba, balle makon kasuwa da za a rasa ana zaman gareji. Kuma araha ba ta ado: man nan na cikin gorar ruwa a bakin titi, wani tsohon mai ne aka tace aka sake masa wanka. Sayi mai hatimi, a fasa a gabanka.

Aikin kansa bai kai cin tuwo daɗewa ba. A ɗan ɗumama injin, a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a kwance notin ƙasa, a bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo. A sauya matata, a shafa wa robar sabuwar ɗan mai, a ɗaure da hannu. Shi kuma yaron gareji a gaya masa notin nan ba abokin dambensa ba ne, in ya cinye zaren an sayi sabuwar rigima. A zuba, a tayar, a kashe, a jira kaɗan, a duba geji: tsakanin layi biyu. Mai cika wa mota har ya wuce layi wai don ƙauna, kumfa kawai yake haɗa mata. In kuma abin da ya fito ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, gaskit ne, nemi babban bakanike.

Ban manta da lagireto ba, wanda kuke shayarwa daga kowane kududdufi. Ruwan rijiya da na rafi suna barin tsatsa da ɓawo su toshe hanyoyin, shi ya sa ake ganinku a Rimin Gado an ɗaga bonet ana fifita. Kada dai a buɗe murfin da zafinsa. In motar ta ratsa rafi da damina, a leƙa man aksil, shi ma yana shan ruwa. Man birki kuwa da kansa yake zuƙar laima: sabon DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa a 140 ya sallama, ka taka feda ta tafi ƙasa ba sallama. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Masu kaɗa ruwan omo su ɗura a madadinsa, ku kam ba gardama zan yi da ku ba. Ku dai faɗa mini ranar da za ku ɗauko lodi daga Getso, in bi ta Kabo.