Gurnanin Alhaji a Birnin Gwanzu

Duk wanda ya daɗe a sha'anin fatauci ya san ba nisan hanya ke karya falke ba, ba kuma tsadar jirgi ko ɗaure fuskar ma'aikatan kan iyaka ba, domin waɗannan duka haƙuri da guzuri suna maganinsu. Abin da ke durƙusar da dattijo mai furfura, har ya aikata abin da ba zai so jikokinsa su ji ba, shi ne yunwar safe a garin da ba ya jin harshen mutanensa. Wannan mas'ala ban same ta a littafi ba, ban kuma ɗauke ta a zauren wani malami ba. A birnin Gwanzu na ƙasar Sin aka biya mini ita, a wani ɗan gidan burodi mai ƙofa ɗaya.

Shi Gwanzu, wanda Turawa ke kira Kanton, Larabawan da kuma Khanfu, shi ne babban birnin lardin Gwangdong, yana bakin Kogin Lu'ulu'u, kuma jiragen ruwan Musulmi sun fi shekara dubu da sanin tasharsa. A cikinsa akwai tsohon masallacin Huwaisheng mai hasumiya ta wajen mita 36, wanda mutanen garin ke jingina wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda. Tun 1957 ake babban baje koli a can sau biyu a shekara, mu kuwa 'yan Kantin Kwari, idan mun je sarin atamfa da leshi, galibi a wajejen unguwar Shiyawbe muke sauka, inda Musulmin ƙabilar Hui ke jan taliya da hannu. Ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a garin kuma yake yi mini tafinta, ya nuna mini haruffa biyu na Sinanci da ake karantawa cingjan, alamar abincin halal ke nan, ya ce, "Kawu, in ba ka ga waɗannan a ƙofa ba, don Allah ka wuce."

Ranar da abin zai faru, yaron ya yi sammako zuwa sito don ya tsaya a kan lodin kaya, masu taliya ba su buɗe ba, ni kuwa, bayan na idar da sallar Asuba da wuridi, na sa farar shadda mai aska takwas saboda zan gana da wani mai masaƙa da hantsi, na fito da niyyar miƙe ƙafa kawai. Ban yi nisa ba sai wani ƙamshi ya tare ni, na duba na ga madambatan gora an jera su wani kan wani suna tururi, wata mata mai matsakaicin shekaru tana ɗaga murfi tana fito da wasu fararen dunƙule masu laushi, ka rantse alkubus ne irin na matan cikin Birni. Nan take na kafa ƙiyasi, na ce alkama halal ce, ruwa halal ne, yis halal ne, tururi kuwa ban taɓa jin malamin da ya haramta shi ba. Kuma tun da asali ya tabbata, ai reshe zai bi shi. Da wannan fatawa, wadda ciki ya bayar, hankali ya sa hannu ba tare da ya karanta ba, na tsallaka titi.

Na yi sallama, ba wanda ya amsa, sai matar ta miƙo mini tire da wani awartaki na ƙarfe, domin al'adarsu ce kowa ya zaɓi abinsa da kansa. Na kai awartakin kan wani dunƙule wanda kansa ya tsage gida uku, har na ɗaga, sai na hango wani abu jajaja-jajaja yana leƙowa ta tsagar. A nan ne wasiyyar yaron ta faɗo mini. Na tambaye ta da Hausa, ta yi murmushi. Na ce mata khinzir da Larabci, ta ƙara murmushi. Na tattaro ɗan Turancin da nake ciniki da shi, ta girgiza kai. Sai na tuna malamai sun ce ishara tana tsayawa a matsayin magana ga wanda ya kasa furuci, saboda haka ni, mutumin da ya sauke farali, wanda ake kira ɗaurin aure a sa shi a sahun gaba, na ajiye tire, na sa yatsa na ɗage hancina sama, na rankwafa, na yi gurnani.

Wallahi ban san ina da wannan baiwa ba. Gidan ya yi tsit, sa'an nan ya ɓarke da dariya. Wani tsoho mai shan shayi a lungu ya ɗaga mini babban yatsa, ya mayar mini da nasa gurnanin, amma kowa ya shaida nawa ya fi. Matar kuwa, fuskarta cike da farin cikin wanda ya gane bukatar baƙo, ta cika mini tire da waɗannan masu tsagar kai, tana cewa ca siu bau, watau ainihin mai gasasshen naman alade a ciki. Ashe ta fahimci dabbar sarai, abin da ya kuɓuce mata shi ne cewa tambaya nake yi, ba oda ba. Na ja da baya ina a'uziyya ina kaɗa hannuwa biyu, ita kuwa ta ɗauka ina nufin bai isa ba, ta juya za ta ƙaro.

Da na ga abin zai zama fitina, na ciro waya na kira yaron ta hoto, na miƙa mata. Shi Sinancin Mandarin na makaranta ya iya, ita kuwa Kantonanci ne harshen bakinta, amma suka haɗu a tsakiya. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne da na ga ta ɗage hancinta tana kwaikwayona, na kuma ji muryarsa ta sarƙe har ya kasa magana. Da ya farfaɗo, sai ya shiga yi mini darasi, ita tana nunawa da awartaki, shi yana fassarawa, ni ina yanke hukunci. Mai nama haramcinsa a bayyane yake. Ɗan ƙoƙon nan mai rawayar madara da ƙwai, dan tat, wanda na riga na ƙyalla ido a kansa, ashe ɓawonsa mai sala-sala da kitsen alade take murza shi. Haka ma lo po beng, mai zaƙin wata irin kabewa a ciki. Wani ƙaramin biskit kuma, gai jai beng, wanda sunansa na ɗan tsako ne, kitsen ne ma jigonsa, bayan an jiƙa shi da sukari da giya. "Kawu," in ji yaron, "a wurinsu kitsen nan mai ne kawai, ba nama ba; in ka ce akwai alade su ce babu, kuma ba ƙarya suka yi maka ba a saninsu."

Da aka tace, aka sake tacewa, sai abu ɗaya ya tsira, wani dunƙule mai santsin kai da ake kira lau sa bau, wanda ake cusa masa gwaiduwar ƙwan agwagwa da aka tsuma cikin gishiri wajen wata guda, a kwaɓa da sukari da madara da man shanu. Matar ta shiga ciki ta ɗauko takardar man, da hoton saniya ɓaro-ɓaro a jiki, na karɓi shaida. Amma sai wata shubuha ta taso: idan madambacin mai nama yana ƙasa, tururinsa ya ratsa nawa; idan yana sama, guminsa ya ɗigo a kai. Na san malamanmu na Malikiyya sun tattauna hukuncin hayaƙin najasa da tokarta, amma ban kai kan babin ba aka cire ni daga makarantar zaure aka kai ni kasuwa. Yaron ya isar da tambayar, matar ta dube ni tsawon lokaci, sa'an nan ta kama hannun rigata ta kai ni ta nuna mini cewa kayan zaƙi tukunyarsu dabam take, don kada ƙamshi ya gauraya. Na yi hamdala, domin abin da tsantseni ya nema, ƙwarewar sana'a ta riga ta tanada.

Na zauna kusa da tsohon, na yi bisimilla, na kai masa cizo irin na mai haƙƙi. Babu wanda ya gaya mini cewa abin da ke ciki narkakke ne, kuma yana riƙe zafi fiye da ɓawon da ya lulluɓe shi. Rabi ya tsarto cikin bakina, rabi ya bi gemu ya sauka a kan aska takwas. Tofarwa a gaban jama'a ba ta dace da dattako ba, haɗiyewa ba ta yiwuwa, sai na zauna baki buɗe ina hura iska, hawaye na zuba. Kuma a cikin wannan azaba, Allah shaida ne, harshena yana ba ni labarin cewa bai taɓa gamuwa da daɗi irin wannan ba, gishiri da zaƙi da maiƙo sun yi sulhu, da wani ɗan tsaki-tsaki na gwaiduwa a ƙarshe. Na cinye sauran, na ji ƙasansa yana da ɗan tauri, na ɗauka salon dahuwar ne. Sai wata yarinya 'yar makaranta ta matso, ta ɗauki nata, ta ɓare farar takardar da ke manne a ƙasa tana kallona, ta huda ɗan rami, ta hura, ta tsotsa a hankali, ta yi mini alama cewa haka mutane ke yi.

Wajen biya kuma, kowa da waya yake haska wani zane a bango ya wuce, ni kuwa na zaro takardar yuwan 100. Matar ta buɗe aljihun tebur, ba canji, sai ta warware mas'alar da ijtihadinta: ta cika mini leda biyu da lau sa bau. Haka na isa wurin mai masaƙa, gabana rawaya, harshena a ƙone, leda a kowane hannu. Ya dubi rigar, ya ambaci sunan abin tun ban ce komai ba, ya kira ma'aikatansa aka cinye canjina da shayi, amma ko ƙwandala bai rage mini a farashin yadi ba.

Yaron bai gaya wa kowa a gida ba, kuma da farko na ɗauka ladabi ne. Daga baya na lura cewa duk lokacin da wayarsa ta tsufa, ko kuɗin haya ya taso, ko ya yi sha'awar sabon takalmi, sai ya durƙusa ya gaishe ni cikin girmamawa, ya ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma," sa'an nan ya sa yatsa ya ɗan sosa kan hancinsa zuwa sama. Na yi lissafin abin da wannan susa ta ci mini, na ga ta haura kuɗin dakon kwantena. Saboda haka na rubuta labarin da hannuna, na ba duniya kyauta, domin hajar da kowa ya mallaka ba ta da sauran kasuwa. Shi kuwa, in yana son waya, ya zo rumfa ya auna yadi.