Agogon Nijar

Ranar Asabar aka ɗaura auren 'yar ƙanwata a Jibiya. Kati ya ce ƙarfe goma sha ɗaya. Wakilin ango, wanda sadakin ke aljihunsa, ya iso ƙarfe biyu saura, bayan liman ya gaji da hamma ya je ya ja azahar ya dawo. Alewa ta narke a leda, goro ya yi yaushi. Mutumin ya sauko daga mota yana saɓa babbar riga, ya dubi tsintsiyar hannunsa, ya ce, "Ku gafarce ni, daga Ɗan Isa nake. Agogon Nijar ne ya rikita ni."

Kuma aka gyaɗa kai! Dattawa masu furfura suka ce, "Haka ne, Alhaji, ƙasa da ƙasa ai sai a hankali."

Wace ƙasa? Tun muna yara rediyo ke faɗa mana safe da yamma cewa ƙarfe kaza ne agogon Najeriya da Nijar, a numfashi ɗaya, har da Kamaru da Chadi a kan wannan ƙarfen. Zakaran Ɗan Isa in ya buɗe murya sosai, sai ya tashi ladanin Magama. Amma Alhaji ya tsallako iyaka ya yar da awa uku a hanya, wataƙila 'yan kwastan ne suka kama su.

To bari mu yi masa adalci, mu nemo ƙasar da ya baro. Da daga zangon Salaga ya taso, da na yafe masa awa guda, don Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, haka Togo da Burkina Faso. Saura biyu. Na ɗauko taswira na yi ta yin yamma, na wuce Bamako, na wuce Dakar, har yanzu awa ɗayar ce. Tsibiran Kef Bad, biyu. Kafin in sami wurin da ke bayanmu da awa uku sai da na tsunduma tekun Atlantika, na doshi wasu 'yan tsibiran Brazil. Wato daga can Alhaji ya tuƙo kwalekwale da sadakin 'yarmu, babbar rigar ko jiƙewa ba ta yi ba.

Abin da ke ɗaure min kai, agogon baƙin nan baya kawai yake jan mutanenmu. Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Makka da biyu. Dubban alhazai ke dawowa duk shekara, wasu su yi wata ba su juya agogo ba don a san sun je. Ka taɓa jin wanda agogon Makka ya rikita, ya zo taro tun ba a shimfiɗa tabarma ba?

Kuma ku jira azumi. Ranar nan Alhaji zai zama masanin falaki. Ya san rana tana riga faɗuwa a Maiduguri da kusan rabin awa kafin Sakkwato, ya san Daura ta riga Jibiya da 'yan mintoci, ya san mintocin. Kofin kunu a dama, dabino a hagu, ido a kan lasifika. Ladan ya ƙara minti ɗaya yana gyaran murya, sai ka ji, "Wai wannan yaron ba shi da agogo ne? Mutanen Gamboru har sun wanke kwano!"

Ni dai tun ƙarfe takwas na bar Katsina ba ko karin kumallo. Mata tun asuba suke gindin murhu. Yayan mahaifinmu, mai shekara tamanin da ciwon suga, ya yi awa uku a kan benci, inuwar rumfa tana gudunsa yana binta. Shi ne ma ya fara cewa, "Ba komai, Alhaji, ya hanya?"

Da aka shafa fatiha muka yi musabaha, sai na riƙe hannun na leƙa agogon. Ruwan zinare, ƙato kamar murfin kwalla, tsaye cik a kan huɗu da minti goma.

Na ce, "Alhaji, ai wannan ba ya tafiya."

Ya ce, "Ɗana, batirinsa sai a Maraɗi."