Wasiƙa Zuwa Ga Lensin Da Aka Hana Sunan Gida

Zuwa ga Nikon Series E 75-150mm f/3.5,

Da fatan daminar bana ba ta bar maka funfuna a ciki ba. Bayan haka, abin da ya sa na rubuto maka shi ne gardamar da nake ji a kanka a wajen samarin da suka koma wa kyamarar fim a 'yan shekarun nan. Wasu sun ce kai tarkace ne, tunda da ma don marasa ƙarfi aka ƙera ka, kuma araha ba ta ado. Wasu kuwa sun ɗaga ka sama har suna cewa ba a taɓa yin lensin zum kamarka ba. Ni da na daɗe ina rataye da kai a wuya ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba, shi ya sa zan faɗa maka abin da na sani a gaban idonka.

A 1979 kamfanin Nikon ya fitar da wata 'yar ƙaramar kyamara mai suna EM, mara nauyi, wadda ita ke zaɓar saurin ɗauka da kanta, domin mutanen da ke son hoto mai kyau amma ba su shirya zama ƙwararru ba. Sai aka yi mata jerin lensuna masu sauƙin kuɗi, aka kira su Series E, kai kuma ka fito a 1980 a cikinsu. Lensunan gidanku da Nikkor aka san su, sunan da masu ɗaukar hoton jarida ke alfahari da shi. Ku sai aka ƙi rubuta muku shi a goshi. Agola ke nan: a gidan ya tashi, tuwon gidan yake ci, amma in ana lissafa 'ya'ya sai a tsallake shi. Kamfanin ya ji tsoron kada kayan araha su zubar masa da mutunci, kuma ban ga laifinsa sosai ba, domin a wancan zamanin zum ba shi da farin jini sosai.

Da dalili kuwa. Zum na farko da aka yi wa kyamarar hoto mai fim ɗin milimita 35 shi ne Zoomar 36-82mm na kamfanin Voigtländer, a 1959. Gidanku ma ya fitar da nasa 43-86mm a 1963, ya sayu ƙwarai, amma fitowarsa ta farko tana lanƙwasa miƙaƙƙen layi, tana kuma cika hoto da hazo da zarar rana ta leƙo. Daga nan magana ta zauna a bakin masu sana'a cewa mai son hoto fes ya riƙe lensi mai tsayi ɗaya, zum na 'yan yawon buɗe ido ne. Kai kuwa ga ka zum, ga ka na araha. Zargi biyu ka shigo da su duniya.

Abin da ya fitar da kai shi ne rashin haɗama. Daga 75 zuwa 150 ninki biyu ne kacal. Wanda bai san aikin gilashi ba zai ga wannan gazawa ce, alhali nan ne asirinka yake. Kowane gilashi da haske ya ratsa sai ya bar masa ɗan aibi: launuka su rabu a gefen abu, kusurwoyi su yi duhu, layi ya karkace. Mai tsara lensi yana jera gilasai ne yadda aibin wannan zai kashe na wancan, kuma hakan ya fi sauƙi idan tsayin lensin ɗaya ne. Da zarar an ce gilasan su riƙa matsawa gaba da baya, gyaran da ya yi daidai a nan sai ya kauce a can, kuma gwargwadon faɗin zangon, gwargwadon abin da za a sadaukar. Waɗanda suka tsara ka sun ɗauki ɗan gajeren zango, suka zuba masa gilashi 12 a rukuni 9, suka tsaya a nan. Inda aka rage kuɗi daban: a ado, a suna, da wasu ƙananan sassa da zan zo kansu. Gilashin dai ba a yi masa rowa ba.

Sai maganar f/3.5, wadda ita ce na fi girmama ka a kanta. Idonka ba ya tsukewa idan an ja ka. Yadda yake buɗe a 75 haka yake a 150. Yaron da ya tashi da kyamarar dijital ba zai gane nauyin wannan ba, domin shi yana ɗauka ya duba bayan kyamara, in ta yi duhu ya sake. Mu kuwa da muka yi aikin biki da fim da filashin da ake saitawa da hannu, lissafi muke yi a ka: nisan amarya taku kaza ne, fim ɗin 100 ne ko 200, saboda haka a ajiye ido a lamba kaza. Zum ɗin araha da suka cika kasuwa daga wajen 1990, irin su 35-80mm f/4-5.6 masu gindin roba, suna sauya maka wannan lambar da kansu yayin da kake jan su, hasken da ke isa fim ya ragu da rabi tsakanin farko da ƙarshe. Ba za ka sani ba sai bayan kwanaki, an wanko nagatif, an tashi daga biki, dangin da suka zo daga nesa sun koma. Wa za ka ce wa ya dawo a sake? Kai ba ka yi wa mutum irin wannan. Har ma yayanka mai sunan gida, Zoom-Nikkor 80-200mm f/4.5 da ƙwararru ke ji da shi, ka fi shi shigar da haske, ka kuma fi shi sauƙin ɗauka, domin nauyinka bai wuce giram 520 ba.

Wannan rashin nauyin ne ya kai ka inda tsadaddu ba su je ba. Galen Rowell, Ba'amurken nan mai hawan duwatsu da ɗaukar hoto, yana birnin Lhasa na ƙasar Tibet a 1981 sai bakan gizo ya fito. Ya bar abokan tafiyarsa ya sheƙa da gudu cikin fili, nisan da ya haura kilomita ɗaya, a wurin da tsayinsa ya wuce mita 3,600 daga teku, inda tafiya ma kan sa baƙo haki, har sai da ya kai inda bakan ya sauka daidai kan fadar Potala. Hoton da ya ɗauka ya zama mafi shahara a cikin aikinsa, kuma kai ne a gaban kyamararsa. Masu yabonka suna yawan kawo wannan labari don su nuna kaifinka. Ni abin da nake gani a ciki shi ne mutum mai hanyar samun kowane lensi ya zaɓi wanda zai iya gudu da shi. Ido da ƙafafu na Rowell ne, kada ka ɗauki yabon duka; naka shi ne ba ka hana shi isa ba, kuma da ya isa ba ka ba shi kunya ba.

A nan wajenmu ma aikinka kusan haka yake. Zobe ɗaya gare ka: a tura ko a jawo don kusantar da abu, a murɗa don saita shi. Ranar hawan Daushe a Kano, idan mahaya suka taso da jahi a Ƙofar Kudu, babu lokacin laluben zobe na biyu, hannun hagu ɗaya ke bin doki yana matsowa. Ga hoton fuska kuwa, tsakanin 85 da 135 ne fuskar mutum ke fitowa yadda Allah ya yi ta, hanci bai kumbura ba, kunnuwa ba su gudu baya ba, kuma duk wannan zangon yana cikinka. Kana ba mai hoto damar tsayawa ɗan nesa, abin da ke da amfani a inda matsa wa mace ko dattijo da kyamara rashin ladabi ne. Kana kuma iya saita abu daga nisan mita ɗaya, wanda ya isa a cika hoto da ƙunshin hannun amarya. Bakinka milimita 52 ne, daidai da na yawancin ƙananan lensunan gidanku, saboda haka filta ɗaya da murfi ɗaya sun wadatar.

To, yanzu ka saurari aibinka, domin kana da shi.

Ba ka iya tsayuwa inda aka ajiye ka. Abin da ke riƙe zobenka daga ciki yana cinyewa da shekaru, har ya kai in aka sunkuyar da kai ka zame da kanka, in aka ɗaga ka sama ka zame baya. Da wuya a sami ɗan'uwanka a gwanjo wanda wannan bai same shi ba. Masu dabara suna liƙa siririn tef a jikin bututun don zoben ya ɗan kama, yana kuma aiki, sai dai abin kunya ne a ce lensin Nikon da tef ake lallaɓa shi. Wanda ke ɗaukar takardu ko kaya daga sama, kyamara a kan ƙafa uku tana kallon ƙasa, gara ya nemi wani.

Haka kuma kowace turawa da jawowa iska ce ke shiga tana fita, ita kuwa iskar hunturu ba ta zuwa hannu rabbana. A Japan aka tsara ka, ba a yi shawara da ƙurar Disamba ta ƙasar Hausa ba. Ƙura kaɗan a ciki ba ta ɓata hoto, wannan gaskiya ne, amma idan ta taru ta haɗu da laimar damina, funfuna ke biyo baya, ita kuwa in ta daɗe tana cin fuskar gilashi ne, gogewa ba ta fitar da tabonta.

Zangon da na yaba maka shi ma yana da ranar da yake ƙuntatawa. A ɗakin amarya 75 ta yi tsawo, sai ka manna bayanka da bango ka sami mutum biyu da ƙyar, dole a riƙe 35 ko 50 a aljihu. A filin ƙwallo ko wajen tsuntsaye 150 ta yi gajarta. Idan an buɗe idonka gaba ɗaya a can ƙarshen zango, gefen hoto yakan ɗan yi laushi, sai an tsuke zuwa f/5.6 ko f/8 kake nuna ainihin abin da ka iya. Bayan magariba kuma f/3.5 ba ta kai ko'ina da fim ɗin 100. A 150 hannu na buƙatar 1/250 don kada hoto ya girgiza, hasken kuwa ba ya jira. A irin wannan lokaci Nikkor 105mm f/2.5 ya fi ka, kuma babu amfanin musu. Sannan an cire maka 'yan kunnuwan ƙarfen nan da tsofaffin kyamarori irin Nikkormat FTN ke kamawa don auna haske, wannan ma cikin tsimin kuɗi ne.

Duk da haka, in aka zo lissafin daraja, sai a tuna cewa a aikin fim lensi sau ɗaya ake saya, fim kuwa kullum. Naɗi ɗaya hoto 36 ne, kuɗinsa ya hau, masu wanke shi sun yi ƙaranci a garuruwanmu, fim ɗin Kodachrome ma da irin su Rowell suka yi suna da shi an daina yin sa tun 2009. Yau abin da ake sayar da kai a gwanjo bai wuce kuɗin 'yan naɗe-naɗen fim da wankinsu ba. Mai koyo da ya zuba duk abin da ya tara a lensi mai tsada, ya rasa na fim, zai zauna ne yana goge gilashi. Wanda ya saye ka ya sa ragowar a fim shi ne zai iya hoto. Akwai kuma wani amfani da ba a rubutawa a takardar kaya: ba a tsoron fita da kai. Cikin turmutsutsun sallah, ko kan babur a hanyar ƙauye, mutum yana ɗaukar hotonsa hankali kwance, domin ko ka faɗi ka fashe ba jarinsa ne ya tafi ba.

Sai dai kada 'yan'uwanka na araha su fake da kai. Ba kowane zum mai sauƙin kuɗi ne ya yi abin da ka yi ba. Waɗanda suka yi alkawarin 28 zuwa 200 a bututu ɗaya, da kuɗi kaɗan, sun biya bashin alkawarin da kaifi da haske, kuma fim ba ya rufa musu asiri idan aka faɗaɗa hoto. Ko a cikin Series E ba duka ne suka sami sunan da ka samu ba.

Ga wanda ya karanta wannan wasiƙa ya ji yana son ya neme ka, ga abin da zan ce masa. Ya haska tocila ta cikinka ya duba zaren funfuna ko hazo, in ya gani ya ajiye. Ya taɓa ɗan maƙallin da ke gindinka ya ga ganyen ido yana rufewa da buɗewa nan take, babu maiƙo a jikinsa. Zamewar zobe kada ta hana shi saye, amma ta sa ya nemi ragi. Ya kuma tabbatar da kyamararsa: da FM, FE, FM2, F3 da ita EM ɗin kana aiki lafiya lau, amma su F55, F65 da F80 za su karɓe ka ba tare da sun auna maka haske ba. In gilashin ya fita tsaf kuma kuɗin bai wuce hankali ba, ya saya, ba zai yi da-na-sani ba.

Naka,
Wani mai hoto a Kano