Masu Binciken Teburin Mai Shayi

Tun da Arewa24 ta fara nuna shirin Kwana Casa'in a 2019, Tsiga ta yi arzikin ƙwararrun masu binciken laifi waɗanda ko ƙofar caji ofis ba su taɓa takawa ba. Da mai shayi ya tayar da janareta, kowa ya san bencinsa.

Akwai Sarkin Tambaya, sai an yi rabi yake shigowa: "Wai wannan ba ya mutu ba?" Akwai mai gyangyaɗi, wanda ya wuni yana zuba wa masara taki, ƙarar bindiga ce kawai ke tashinsa, ya ce, "Ai na faɗa!"

Gwanina dai shi ne Mai Fassara. A wurinsa jihar Alfawa ta cikin shirin ba ƙagaggiya ba ce, ɓad-da-kama aka yi mata. Da Sani Mu'azu ya fito a Bawa Maikada, sai ya duba hagu da dama, ya sassauta murya: "Malam, ka gane wa ake nufi ko? Dubi karin hular." Bara wani gwamna ne, bana wani daban, ya danganta da wanda bai ba shi takin gwamnati ba. Sahabi ɗan jarida kuwa ai mutuminsa ne, wai sun taɓa haɗa kujera a mota daga Funtua zuwa Zariya. Ka ce masa mai fitowa a Malam Adamu fa marubucin nan ne, Ado Ahmad Gidan Dabino, sai ya dube ka da tausayi: "Haka suke so ka ɗauka." Duk zurfin bincikensa, har yau bai gano wanda ke bin sa kuɗin shayi ba.

Mu masu cewa "wasan yara ne, wucewa zan yi" ba ma zama. A tsaye muke kallo har a rubuta sunaye.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne Ɗan Riga-Malam. Ya je wurin mai caji an tura masa shirin a waya, ya kalle tsaf, sannan ya zo ya zauna a bayanka. Ana tsakiyar tashin hankali sai ka ji numfashinsa a ƙeya: "Kar ka damu, direban ne ya ci amanarsa." Mako guda kana jira, ya kashe maka shi da jimla ɗaya, kuma yana jiran godiya! Wannan ba raha ba ce, zalunci ne.

Don Allah mai shayi, a kai bencinsa bayan janareta.