Fom ɗin JAMB a Kan Tabarmar Majalisa

Mu a unguwar nan yaro ba ya cike fom ɗin JAMB shi kaɗai. Sai an kawo maganar majalisa bayan isha'i, an ɗora shayi, kowa ya sa baki. Daren jiya ɗan maƙwabcinmu ne, mai son digiri a fannin talla da sayar da haja.

Kawunsa, tsohon ɗan Kantin Kwari, shi ya fara. "Kai yaro, ciniki ai a rumfa ake koyonsa. Wa ya ba kakanninmu takarda da suke fataucin goro daga Gwanja?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Kawu. Amma kamfanonin siminti da na waya da bankuna, in za su ɗauki wakilin sayarwa, takarda suke fara tambaya."

Nan fa aka kaure. Wannan ya ce Bayero, ga ta a gida, kuma har da makarantar kasuwanci ta Dangote a ciki. Wancan ya ce Ahmadu Bello ta Zariya, don can ɗansa ya yi. Haka muke: sunan makaranta, kusancinta da gida, sai kuɗin rajista. In an sami waɗannan, an gama.

Malam, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, ya jira hayaniya ta lafa. Ya ce a fara duba ko kwas ɗin na da amincewar NUC in jami'a ce, ko NBTE in foliteknik ce, don kada a zo tafiya bautar ƙasa a ji wani labari. Ya tambayi yaron ko yana da kiredit a Turanci da lissafi. Sannan ya ƙirga masa da yatsu: jami'a shekara 4 ce. A foliteknik kamar ta Kaduna kuwa, ND shekara 2, a fita shekara 1 koyon aiki, a dawo HND shekara 2.

Ni wannan shekara 1 ɗin ce ta tsaya mini a rai. Ba ma tambayar makaranta ko yaro zai taɓa tsayawa gaban baƙon fuska, ya tallata kaya, a ƙi saya, ya jure ya sake sallama gobe. Lissafin riba da nazarin kasuwa ana samunsu a aji, kuma Kawu da kansa ya yarda bashin da bai rubuta ba ya sha cin jarinsa. Amma haƙuri da mai taya kaya rabin kuɗi, sai an tsaya a rumfa.

Da za a tashi Kawu ya dafa kafaɗar yaron. "Cike duk wadda Malam ya duba maka. Amma kowace Asabar da kowane hutu, ina son ganinka a Kwari kafin a buɗe shago."

"To, Kawu. In sha Allahu."